Dodannin Hunturu na Tsaunukan Alps: Daga Ina Suka Fito?

Maman Sadiq, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina da ke karatu a Jamus ya turo mini bidiyon da ya ɗauka a wani gari kusa da iyakarsu da Ostiriya, inda na ga wasu ƙarti sanye da fatun awaki, da ƙahoni zanƙala-zanƙala a ka, suna bin mutane da tsumagiya a cikin dusar ƙanƙara, jama'a kuma suna ta shewa, har da ƙananan yara a wuyan iyayensu. Da na tambaye shi ma'anar abin, sai ya ce al'adar mutanen tsauni ce ta lokacin hunturu, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ina roƙon 'yan'uwa mazauna can su warware mana, domin abin ya ɗaure mini kai: me ya haɗa Turawa da dodo?

Baban Hauwa, Salzburg:
Wa alaikumus salam, Maman Sadiq. Abin da kika gani sunansa Krampus, kuma darensa shi ne 5 ga Disamba, jajibirin ranar da Kiristocin Katolika suke tunawa da waliyyinsu Nikolaus. Asalin al'adar a cikin gida take, ba a bakin titi ba. Wani mutum ne zai yi shigar bishop, da farin gemu da doguwar sanda, ya riƙa bi gida-gida yana karanta wa kowane yaro halinsa na shekara daga wani littafi, alhali iyayen ne suka tsegunta masa a ɓoye. Yaron kirki zai samu lemo da gyaɗa da cakulan, shi kuwa mai ƙiriniya sai a nuna masa dodon da ke tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa sarƙa.

Shekarata ta farko a nan Ostiriya ban san da zancen ba. Na tashi daga aiki wajen ƙarfe 5 na yamma, gari ya riga ya yi duhu ƙirin, ina tafe a hankali saboda santsi, sai na ji wani irin ƙugi yana tahowa daga bayan gidaje, har ƙirjina yana amsawa. Ashe ƙararrawa ce irin wadda ake rataya wa shanu, kowacce ta kusa girman ƙwarya, an ɗaure musu a ƙugu ta baya. Kafin in yi wani tunani guda shida sun kewaye ni, warin bunsuru ya cika mini hanci, ɗaya ya zuba mini tsumagiya biyu a sharaɓa, ni kuwa ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Da ya ga abin ya wuce wasa a wurina, sai ya ɗaga fuskar katakon, na ga ashe yaron maƙwabcina ne mai koyon aikin lantarki, gumi yana tsiyaya daga goshinsa a cikin wannan sanyi, yana ta ba ni haƙuri. Daga baya ya kawo mini fuskar na riƙe. Daga itace guda aka sassaƙa ta, wani mai laushi da ƙanshi da suke kira Zirbe, wanda yake tsirowa can sama dab da inda itatuwa suke ƙarewa, ƙahonin kuma na bunsuru ne na gaske.

Ɗan Agadas:
Baban Hauwa, sannu da shan tsumagiya. Amma a gaya mana gaskiya, wannan ba ragowar bautar iskoki ba ce da suka yi wa kwaskwarima? Ni na sha jin cewa tun kafin Kiristanci ya iso musu suke yin haka don korar aljanun sanyi.

Malam Na-Zariya:
Ɗan Agadas, abin da ka ji shi ne abin da ake rubutawa a takardun da ake raba wa 'yan yawon buɗe ido, kuma yana da daɗin ji, sai dai masana tarihin al'adu na yanzu ba su yarda da shi kai tsaye ba. Wannan fassara ta yi ƙarfi ne a ƙarni na 19, lokacin da masana irin su Jacob Grimm suke neman saiwar tsohon addinin Jamusawa a cikin kowace tatsuniya, sannan a shekarun 1930 wasu suka ƙara mata gishiri saboda ta dace da siyasar wariyar jinsi ta zamanin. Idan aka koma ga takardu kuwa, labarin samari masu rufe fuska suna yawo cikin hunturu yana fitowa ne a 'yan ƙarnonin baya, kuma galibi a takardun hukuma da na coci inda ake hana abin ko ake cin tarar waɗanda suka yi. Tsakanin wannan lokaci da zamanin maguzancinsu akwai tazarar shekaru masu yawan gaske da babu abin da ya haɗa su sai zato. Ni a ganina, wanda yake son fahimtar dodon ya fara da duba wurin da dodon yake fitowa da kuma watan da yake fitowa.

Ɗalibar Innsbruck:
Malam ya taɓo abin da nake son faɗa, kuma ina neman afuwa idan na tsawaita, domin gani ya kori ji. Tsaunukan Alps sun miƙe kimanin kilomita 1,200 a cikin ƙasashe 8, mafi tsayinsu Mont Blanc ya haura mita 4,800, na Ostiriya kuma, Grossglockner, mita 3,798. Amma ba a ƙololuwa mutane suke zaune ba, a cikin kwari suke, tsakanin bango biyu na dutse, kuma wannan shi ne tushen zancen. A ƙarshen Disamba yininmu bai fi awa 8 da rabi ba, muna sallar magariba kafin ƙarfe 4 da rabi, wannan kuma lissafin fili ne. A cikin kwari tsauni yana cinye rabin abin da ya rage. Nan kusa da mu akwai Rattenberg, ƙaramin gari a bakin kogin Inn, wanda inuwar dutse take rufe shi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Italiya akwai ƙauyen Viganella da rana take ɓace masa daga 11 ga Nuwamba har 2 ga Fabrairu, abin da ya sa a 2006 suka kafa wani ƙaton madubi mai mita 8 da mita 5 a jikin tsauni domin ya harbo musu haske zuwa dandalin gari.

Kyan wurin kuwa ba ya faɗuwa. Da safe kana tsaye a ƙasa cikin duhu da hazo, sai ka ɗaga kai ka ga ƙololuwa ta kama da launin garwashi saboda rana ta taɓa ta, ta bar ku kuna jira. Dusar tana shanye sauti, har ka ji takun ƙafarka kamar kana taka gishiri. Sai dai wannan kyan yana kisa. A 23 ga Fabrairun 1999 dusar ƙanƙara ta zaftaro kan ƙauyen Galtür a nan jihar Tirol, mutum 31 suka mutu. Mutanen Andermatt a Suwizalan tun 1397 suka rubuta dokar hana sare dajin da ke saman ƙauyensu, saboda itatuwan ne suke tare musu zaftarewa, kuma har yau dajin yana nan, ɗan kusurwa uku a jikin tsauni.

To ku auna rayuwar manomi a irin wannan wuri kafin lantarki da mota. Shanu sun sauko daga makiyayar sama tun Satumba, suna kulle a ɗaki suna cin ingiricin da aka tara da bazara, gona tana ƙarƙashin ƙanƙara, hanya ta toshe, samari da barori ba su da aikin yi sai sassaƙa da hira, abinci kuma ana auna shi da ido domin ya kai ƙarshen sanyi. Waɗanda ba su da komai sukan rufe fuska su bi gidajen masu hali, su yi waƙa ko rawa ko addu'ar sabuwar shekara, a ba su abinci, kuma rufe fuskar yana kare su daga kunyar roƙo. Ni wannan bayani ya fi gamsar da ni fiye da na aljanu.

Hajiya Mai Kaɗi, Maraɗi:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin kai mu wurin da bakinki. Wannan bi gida-gida da shigar ban dariya ko ban tsoro a karɓi sadaka ya tuna mini da tashe, ko da yake na san kowa da asalin nasa. Tambayata ita ce, matan gida fa? Su babu nasu a ciki?

Baban Hauwa, Salzburg:
Hajiya, nasu ma ya fi ban tsoro, kuma ina jin sunanki zai sa ki ji daɗin labarin. Darare 12 da ke tsakanin Kirsimeti da 6 ga Janairu suna kiransu Rauhnächte, kuma a tatsuniyarsu a cikinsu ne wata tsohuwa mai suna Perchta take zagaya gidaje tana duba ko 'yan mata sun gama kaɗin da aka ɗora musu na shekara, ko gida a share yake. Mai ƙwazo ta samu tukwici, malalaciya kuwa a farke cikinta a cusa mata tattaka. Kin ga dai dabarar iyaye ce ta sa a gama aikin zare kafin aikin gona ya dawo. A waɗannan darare ba a shanya wanki a igiya, kuma har yau na san gidajen da suke kiyaye wannan. Tsohuwar da na fara zama a gidanta takan zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta da busasshen ganye, mijinta ya ɗauka ya zaga ɗaki-ɗaki har ɗakin shanu, iyali suna biye da shi suna addu'a. Ranar da na fara jin ƙanshin sai da na tsaya a matakala, domin ya yi kama da ɗakin mahaifiyata.

Daga sunan wannan tsohuwa aka samu Perchten, wasu masu rufe fuska waɗanda baƙi suke rikitawa da Krampus, alhali lokacinsu daban, aikinsu daban. Akwai munana masu ƙahoni, akwai kuma kyawawa. A kwarin Gastein na nan Ostiriya, duk bayan shekara 4, maza sama da 100 suke fita tun da asuba, wasunsu ɗauke da huluna na katako da suka haura mita 2, an yi musu ado da madubai da furanni da sarƙoƙin azurfa. A ƙofar kowane gidan gona sai su jeru su yi rawa a hankali, su rusuna da wannan nauyi a ka, shugabansu ya yi wa gidan fatan zaman lafiya da ƙoshin lafiya da sa'a. Ba tsumagiya, ba guje-guje. A Ebensee kuma, daren 5 ga Janairu, ana kashe fitilun gari, maza cikin fararen kaya su fito da manyan hulunan takarda masu haske a ciki, suna gudu a jere kamar taurari sun sauko bakin tafki.

Injiniya, St. Gallen:
Ina so in ƙara namu na Suwizalan, domin yana goyon bayan maganar Malam Na-Zariya cewa tarihi da taurin kan mutanen tsauni sun fi aljanu tasiri a nan. A Urnäsch, ƙarƙashin tsaunin Säntis mai mita 2,502, ana bikin ƙarshen shekara sau biyu, 31 ga Disamba da kuma 13 ga Janairu. Dalili shi ne a 1582 Paparoma Gregory na 13 ya gyara kalanda, mutanen wannan yanki kuwa 'yan Furotesta ne, suka ce ba Paparoma ne zai gaya musu ranar da shekara take ƙarewa ba, suka ci gaba da tsohon lissafi har ƙarshen ƙarni na 18. Yau tazarar kalandun biyu kwana 13 ce, shi ya sa aka samu rana ta biyu.

Na bi wata ƙungiya ta masu rufe fuska na wannan biki da ƙafa shekara biyu da suka wuce. Su shida ne, duka maza, har waɗanda suka yi shigar mata, kuma kowa yana ɗauke da kayan da suka kai kilo 20 zuwa 30. Iri uku ne: kyawawa masu hulunan da aka jera wa dubban duwatsun ado da ƙananan gumakan katako na manoma da shanu, munana da suka lulluɓe jiki da rassa da gansakuka da tattaka, sai na tsakiya da suka haɗa biyun. Abin da ba zan manta ba shi ne yadda suke isa ƙofar gida da ƙarar ƙararrawa mai toshe kunne, sai kwatsam su tsaya cak, su yi da'ira, su fara wata waƙa marar kalmomi da suke kira Zäuerli, a hankali, murya tana hawa kan murya, tururin numfashinsu yana fita ta bakin fuskar. Mai gida da iyalinsa suna tsaye shiru, na ga wani tsoho yana share ido. Da suka gama aka kawo musu abin sha, suka sha ta siririn bututu saboda ba sa cire fuska, suka yi musabaha da kowa, suka gangara zuwa gida na gaba.

Ɗan Agadas:
Na karɓi gyara a kan asali, amma ban sauka daga shakkata gaba ɗaya ba. Duk abin da kuka bayyana na gida-gida ne, shi kuwa bidiyon Maman Sadiq na ga shingen ƙarfe da fitilu masu launi da hayaƙin inji. Yau akwai lantarki da titi da albashi, babu mai rufe fuska don yunwa. Ashe ba kasuwa ce kawai ta rage ba, ana sayar wa baƙi tsoro kamar yadda ake sayar musu tikitin hawa tsauni?

Baban Hauwa, Salzburg:
A nan kam ba zan yi maka musu sosai ba, Ɗan Agadas. A 'yan shekarun nan ƙungiyoyin Krampus sun yawaita har a biranen da ba su taɓa sanin al'adar ba, ana fara jerin gwano tun tsakiyar Nuwamba, fuskokin da yawa sun koma irin na finafinan ban tsoro, da jajayen fitilu a ido da jinin roba. Giya ma tana shiga, duka yakan wuce kima, shi ya sa a wurare da dama ake liƙa wa kowane dodo lamba domin a san wanda za a kama idan an yi ɓarna. Dattawan ƙauye sun fi mu jin haushin wannan. Inda na rabu da kai shi ne kalmar kawai. A Gastein har yanzu ƙananan ƙungiyoyi suna bin gidaje a 5 da 6 ga Disamba tare da Nikolaus ɗinsu, suna hawa zuwa gonakin da babu baƙon da zai wahalar da kansa ya je. Ni ma'aunina shi ne wannan: idan dodo yana zuwa ƙofarka kuma ya san sunan 'ya'yanka, al'ada ce, idan kuwa kai ne ka je ka tsaya bayan shinge da waya a hannu, kallo ne. Duka biyun suna nan, na biyun ne dai ya fi yawo a intanet.

Malam Na-Zariya:
Kuma kada mu manta cewa baƙi sun daɗe da sa hannu a ciki. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake buga katunan gaisuwa masu hoton Krampus a birane, kuma wasu al'adun da suka kusa mutuwa sha'awar masu bincike da masu yawon buɗe ido ce ta farfaɗo da su. Don haka kasuwar da Ɗan Agadas yake zargi ta ɓata wasu, ta kuma rayar da wasu.

Maman Sadiq, Kano:
Na gode ƙwarai, na samu fiye da abin da na nema. Abu ɗaya ya rage mini. Ƙanwata ta Innsbruck ta ce tsauni da duhu da ƙanƙara ne suka haifi abin, ƙanina kuwa yana cewa bana ma ruwan sama aka yi musu a Disamba maimakon dusa. Shin wurin da kansa yana nan yadda yake?

Injiniya, St. Gallen:
Ba ya nan yadda yake, Maman Sadiq. Masu auna daskararrun kogunan ƙanƙara na Suwizalan sun bayyana cewa a 2022 da 2023 kaɗai an rasa kashi 10 cikin 100 na girmansu, kuma ƙanƙarar da take riƙe duwatsu a can sama kamar siminti tana narkewa. Bari in ba ki labarin kwari guda.

Lötschental wani matsattsen kwari ne a jihar Valais, ƙarƙashin Bietschhorn mai mita 3,934, wanda kusan a rufe yake duk hunturu kafin a buɗe ramin jirgin ƙasa na Lötschberg a 1913. A da ƙauyuka huɗu ne a jere a bakin kogin Lonza: Ferden, Kippel, Wiler da Blatten. Dodanninsu, Tschäggättä, suna fitowa daga 3 ga Fabrairu har zuwa jajibirin azumin Kiristoci, da fatun tumaki da awaki, da kafaɗa a cushe har mutum ya zama kamar ba shi da wuya, da fuskar katako mai haƙoran shanu na gaske. A da samari marasa aure ne kaɗai suke yi, suna naɗe takalma da buhu domin kada a gane sawunsu, suna shafa wa duk wanda suka kama baƙin tukunya. Tatsuniyarsu ma daga ƙasar ta fito, domin tana cewa wasu ɓarayi ne mazauna ɓangaren inuwa na kwarin suke rufe fuska su tsallako su yi sata a ɓangaren da rana take samu.

A watan Mayun 2025 dutsen da ke saman Blatten ya fara ruftowa kan kogin ƙanƙara na Birch. Hukuma ta kwashe mutanen ƙauyen, kimanin 300, tare da dabbobinsu, sannan a 28 ga watan ƙanƙarar ta karye gaba ɗaya, ta sauko da duwatsu da laka ta binne kusan kashi 90 cikin 100 na ƙauyen, ta toshe kogin Lonza har ruwa ya taru ya shanye gidajen da suka tsira. Mutum ɗaya ya rasa ransa.

Kafin wannan masifa, babban jerin gwanon Tschäggättä na daren Alhamis daga Blatten yake tashi ya gangara Ferden. Na tsaya a wannan wuri a wani Fabrairu kafin abin ya faru, a wani lungu tsakanin rumbunan katako da rana ta ƙona har suka yi baƙi, ƙafafuna sun mutu don sanyi. Wata mata ta leƙo ta taga ta miƙo mini shayi mai zafi ba tare da ta tambaye ni daga ina nake ba, ta nuna mini wani ƙaton dodo da ke wucewa, ta ce jikanta ne, ta gane shi ta tafiyarsa, fuskar da ke kansa kuma mijinta ne ya sassaƙa ta.